WUTA DA SAƘO A IGIYA GUDA: Ƙaramar Kwamfuta A Zafin Kwarin Rima

Duk ɗalibin da ya zauna jarrabawar shiga jami'a daga shekarar 2015 zuwa yau, wato tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ya ga waɗansu igiyoyi shuɗɗa ko masu ruwan toka da ke fitowa daga bayan kowace kwamfuta, su bi jikin bango, su je su taru a wani akwati mai ƙananan fitilu da ke ta ƙyaftawa. Wannan ita ce igiyar sadarwa, wadda masu sana'ar ke kira kebul, akwatin kuwa suna ce masa suwic. Aikin da aka san igiyar da shi shi ne kai saƙo daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, igiyar nan guda tana iya ɗaukar wutar lantarkin da za ta tayar da ƙaramar kwamfuta, har nisan mita 100, ba tare da an ja wata wayar wuta ba. Sunan wannan dabara a taƙaice PoE, ma'anarsa aika wuta ta cikin igiyar sadarwa. Da ita kyamarorin tsaro na zamani da dama ke aiki, irin waɗanda ake gani a kusurwar ginin banki.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne, makarantunmu na Birnin Kebbi da Argungu da kewaye suna da matsaloli biyu da ke kashe kayan lantarki tun ba su tsufa ba: wutar da ba ta da tabbas, da zafin da ba ya ɗaga ƙafa. Mai karatu zai ga cewa igiyar tana maganin ta farko cikin sauƙi. Ta biyun ce ke bukatar tunani, kuma ilmin da ake koyarwa a ajin fiziks na sakandare ya isa a yi wannan tunani.

KWAMFUTAR DA BA TA FI KATIN BANKI BA

A watan Fabrairu na shekarar 2012 wata gidauniya da ke birnin Kambirij a Ingila, ƙarƙashin jagorancin Eben Upton, ta fitar da kwamfutar da ta sa wa suna Raspberry Pi, domin koya wa yara aikin kwamfuta da kuɗi kaɗan. Tsawonta milimita 85, faɗinta milimita 56, kusan daidai da katin cirar kuɗi. Ƙwaƙwalwarta da ma'ajiyarta da kafofinta duk suna kan allo guda, shi ya sa ake kiran irinta kwamfuta mai allo ɗaya. Samfuri na huɗu, wanda ya fito a 2019, yana cin wajen wat 3 idan yana zaune ba aiki, idan kuwa aiki ya yi tsanani ya kai wat 6 ko 7. Wato bai kai cin ƙwan fitila guda na zamani ba.

Me makaranta za ta yi da ita? Ana iya zuba mata littattafai da darussa da kundin Wikipedia gaba ɗaya, har da na Hausa, ta hanyar manhaja irin su Kiwix da Kolibri, a ɗora ta a tsakiyar makaranta, ɗalibai su riƙa karantawa a wayoyinsu ko kwamfutocinsu ba tare da an sayi data ba. Ana iya haɗa ta da ma'aunin zafi da na ruwan sama ta zama tashar yanayi. Ana iya kafa ta a gaɓar gulbi ta riƙa auna tashin ruwa, kuma wanda ya ga irin ɓarnar da ambaliyar 2020 ta yi wa gonakin shinkafa a Jihar Kebbi ba ya bukatar a gaya masa amfanin wannan. Sai dai a lura da abu guda: duk wuraren da ta fi amfani, bisan bango ko tsakar fili ko bakin ruwa, wurare ne da babu soket.

ME YA HANA A ƘARA WA CAJA TSAWO?

Tambayar da ɗalibi mai kaifin basira zai fara yi ke nan. Tunda bolt 5 kwamfutar ke bukata, kamar wayar hannu, me zai hana a yanke wayar caja a yi mata ƙari har ta kai inda ake so?

Bari mu je fadamar Argungu mu ɗauko misali. Manomin rani da ke ban-ruwa da inji ya san abu biyu game da ruwan da ke cikin tiyo: ƙarfin da injin ke tura shi, da yawan ruwan da ke wucewa. Haka wutar lantarki take. Ƙarfin turin shi ake aunawa da bolt, yawan wutar da ke gudana kuwa da amfiya. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wato yawan aikin da wutar ke iya yi. Manomin ya kuma san cewa idan tiyo ya yi tsawo kuma ya yi siriri, ruwan da ke fita a ƙarshensa ba ya da ƙarfi. Wannan cikas da waya ke yi wa wuta shi ne turjiya, ana auna ta da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm wanda ya bayyana dokarta a 1827. Dokar ta ce ƙarfin da ke zubewa a hanya daidai yake da amfiya sau om.

A cikin igiyar sadarwa akwai siraran wayoyi takwas na jan ƙarfe, an tufka su biyu-biyu, sun zama tagwaye huɗu. Kowace waya mai tsawon mita 100 tana da turjiyar kimanin om 8.4. Idan aka haɗa biyu don zuwa, biyu don dawowa, jimlar turjiyar zagayen takan koma wajen om 8.4 ɗin dai. To, samfuri na huɗu, idan an jona masa kaya a kafofinsa, an tanadar masa amfiya 3 a kan bolt 5, wato wat 15. Sai mu buga lissafi: amfiya 3 sau om 8.4 ya ba da bolt 25 da ɗoriya. Ga mai bolt 5 a hannu, ga hanya tana neman kuɗin fito bolt 25! Babu abin da zai isa. Hasali ma kwamfutar takan fara kukan ƙarancin wuta da zarar ƙarfin ya sauka ƙasa da bolt 4.63, saboda haka ko mita biyu na wannan igiya sun isa su jefa ta cikin matsala idan tana jan amfiya 3.

Yanzu a ɗaga ƙarfin turin zuwa bolt 48. Domin a kai wat 15 ɗin nan, kashi ɗaya cikin uku na amfiya guda kawai ake bukata. Abin da zai zube a mita 100 bai kai bolt 3 ba, wutar da za ta salwanta kuwa ba ta kai wat 1 ba. Sirrin yana cikin dokar da Baturen Ingila James Joule ya gano a wajajen 1840, cewa zafin da waya ke fitarwa yana bin amfiya sau amfiya sau om. Idan ka rage amfiya ninki goma, ka rage hasara ninki ɗari. Mutanen Birnin Kebbi suna ganin wannan doka kullum a kan manyan turakun ƙarfe da ke shigo da wuta daga madatsar ruwa ta Kainji a kan bolt 330,000, da kuma layin bolt 132,000 da aka ja daga garin zuwa Yamai a Jamhuriyar Nijar. Abin da injiniyoyi suka yi a tsakanin Kainji da Birnin Kebbi, shi ake yi a tsakanin ofishin shugaban makaranta da bangon ɗakin karatu, bambancin a girma ne kawai.

Bolt 48 ɗin ma gado ne. Malamai da suka yi zamani da tarhon girke na NITEL za su tuna cewa ko NEPA ta ɗauke wuta tarho yana aiki, domin wutarsa daga manyan batura na ofishin tarho take zuwa, a kan bolt 48, ta cikin wayar da ke ɗauko magana. An zaɓi wannan adadi ne saboda ya isa tafiya mai nisa, kuma bai kai ƙarfin da ke zama haɗari ga mai taɓawa da busasshen hannu ba.

YADDA WUTA DA SAƘO KE ZAMA LAFIYA

Ta yaya wuta ba ta dagula saƙo? A kowace tagwayen waya, kwamfuta ba ta duban ƙarfin wutar da ke kan waya ɗaya, bambancin da ke tsakanin wayoyin biyu take karantawa. A ɗauki masunta biyu a Matan Fada, kowanne a kan gorarsa, ɗaya yana ɗaga hannu sama da na ɗan'uwansa ko ƙasa da shi don ya yi wa na gaɓa ishara. Idan ruwa ya ƙaru, su biyun zai ɗaga tare, isharar ba ta canja ba. Haka ake ɗora bolt 48 a kan wayoyin biyu daidai wa daida, ta tsakiyar wata 'yar ƙaramar taransifoma da ke bayan kafar igiyar, a kuma zare ta daga tsakiyar irinta a ɗaya ƙarshen.

Ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ce ta shimfiɗa ƙa'idar wannan aiki domin kayan kamfanoni daban-daban su fahimci juna. Ƙa'idar farko, mai lamba 802.3af, ta fito a 2003: akwatin rarrabawa zai saki wat 15.4, na'ura ta dogara da samun wat 12.95. Ina ragowar wat 2.45? Malami na iya ba ɗalibai su nemo da kansu: amfiya 0.35 sau 0.35 sau om 20, wato mafi munin turjiyar da ƙa'idar ta yarda da ita. Amsar za ta fito cif-cif. A 2009 aka yi ta biyu, 802.3at, mai sakin wat 30 a karɓi 25.5. A 2018 ta uku ta zo, 802.3bt, wadda ke amfani da tagwayen huɗu duka har ta kai wat 90.

Wani abin sha'awa a cikin ƙa'idar shi ne sallama. Akwatin ba ya sakin wuta ga duk wanda aka jona masa. Yakan fara aika ɗan ƙaramin ƙarfi, ƙasa da bolt 10, ya auna ko akwai turjiyar om 25,000 a ɗaya ƙarshen. Idan ya same ta, ya san na'urar tana jiran wuta, sai ya buɗe mata. Idan bai samu ba, saƙo kawai zai riƙa aikawa. Saboda haka babu fargabar jona kwamfutar tafi-da-gidanka a irin wannan akwati. Amma a yi hattara! Akwai waɗansu ƙananan na'urorin cusa wuta, waɗanda galibi ke zuwa tare da rediyon intanet na bisan turke, da ke sakin bolt 24 kai tsaye ba sallama ba tambaya. Kafarsu iri ɗaya ce da ta sauran, kuma suna iya ƙona abin da ba don su aka yi shi ba. A karanta rubutun da ke jikin na'ura, a nemi lambar 802.3af ko 802.3at kafin a biya kuɗi.

A ɓangaren kwamfutar kuwa, tun daga samfurin 3B+ na watan Maris 2018 aka sanya wa allon waɗansu ƙusoshi huɗu da ke fito da wutar igiyar. Ana ɗora wani allo na biyu a bisansa, wanda kamfanin ke kira HAT, kalmar da ke nufin malafa a Turanci. Malafar ce ke sauko da bolt 48 zuwa 5. Ta farko ta fito a 2018 tana ba da amfiya 2.5, ta biyu a 2021 tana ba da amfiya 4, kuma kowacce tana ɗauke da 'yar fanka mai faɗin milimita 25. Samfuri na biyar na 2023 an sauya wa ƙusoshin nan wuri, don haka tsohuwar malafa ba ta shiga kansa.

Amfanin wannan tsari ga makarantar da ke dogara da hasken rana a bayyane yake. Faifan sola da batir da akwatin rarrabawa duk suna wuri guda, a ɗaki mai ƙofa da kwaɗo, igiya kawai ke fita. Kwamfutar da ke cin wat 6 tana shan wat-awa 144 a yini da kwana. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, idan an sha rabi kawai don kada ya lalace, 600 ke nan, abin da zai riƙe ta kimanin kwana uku bayan an cire hasarar hanya. Idan kuma kwamfutar ta sandare a can bisan bango, ba sai an nemo tsani ba: a zare igiyarta daga akwati a mayar, ta tashi sabuwa.

INA WAT ƊIN KE TAFIYA?

Nan ne gizo ke saƙa. Kwamfuta ba ta ɗaga kaya, ba ta jan ruwa. Kusan duk wat ɗin da ya shiga cikinta zafi yake zama, kuma mafi yawansa a ƙwaƙwalwar da faɗinta bai fi farcen babban yatsa ba. Malafar ma ba ta aiki kyauta: wajen sauko da bolt 48 zuwa 5 wani kaso na wutar yakan zama zafi a jikinta, ita kuwa tana zaune ne daidai bisan ƙwaƙwalwar, ta tare mata iska. Shi ya sa aka yi mata fanka.

Ƙwaƙwalwar tana da ma'aunin zafi a cikinta. A samfuri na huɗu da na biyar, idan zafin ya kai digiri 80 sai ta fara rage gudun aikinta da kanta, idan ya kai 85 ta ƙara ragewa sosai. Ba ƙonewa za ta yi ba, nawa za ta yi, kamar jakin da aka yi wa lodi da tsakar rana. Ɗalibai talatin na jiran shafi ya buɗe, malami na zargin manhaja, alhali laifin na zafi ne.

Tun a 1701 Isaac Newton ya bayyana cewa saurin da abu mai zafi ke hucewa yana bin tazarar da ke tsakanin zafinsa da na iskar da ke kewaye da shi. Tazara ita ce dukiyar da mai sanyaya kwamfuta ke kashewa. A ɗakin da ke Kambirij, inda iska ke digiri 20, tazarar zuwa 80 ta kai 60. A Birnin Kebbi cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40 a inuwa, tazarar ba ta kai 40 ba. Mu ƙaddara cewa wata kwamfuta, a irin aikin da take yi, takan zauna digiri 35 sama da iskar wurin. A Kambirij za ta tsaya a 55. A inuwar Birnin Kebbi mai digiri 42 za ta kai 77, saura ƙiris. Idan kuwa aka kulle ta a akwatin da iskar cikinsa ta kai 55, lissafi ya ba da 90, ta wuce iyaka. Kamfanin da ya ƙera samfuri na huɗu ma ya rubuta cewa an yi shi ne don iskar da ba ta wuce digiri 50 ba.

Akwai kuskuren fahimta da ya kamata a gyara game da fanka. Mutum yana jin sanyi a gaban fanka ne saboda gumin jikinsa na bushewa, bushewar kuwa tana ɗauke zafi. Da wannan hikima randa da tulu ke sanyaya ruwa, da ita kuma malamin nan na Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yi tukunya-cikin-tukunya ta adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Kwamfuta ba ta gumi, kuma danshi abokin gabarta ne, don haka wannan hanya a rufe take gare ta. Iyakar abin da fanka za ta yi mata shi ne ta kore iskar da ta ɗumama ta kawo wata. Ba za ta taɓa sauko da ita ƙasa da zafin iskar wurin ba. Idan akwatin a rufe yake ruf, zafin kawai fankar ke juyawa, kamar mai motsa kunu.

Fankar malafa, yadda aka saita ta daga kamfani, tana fara juyi ne idan ƙwaƙwalwa ta kai digiri 40, ta ƙara gudu a 45 da 50, ta kai maƙura a 55. Wanda ya zaɓi waɗannan lambobi yana tunanin ƙasar da fanka za ta riƙa hutawa. A nan kuwa, da bazara, iskar kanta ta wuce matakin farko, saboda haka fankar ba ta da hutu dare da rana. Da hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da sanyi ya ba ta sarari, sai ƙura ta karɓi aiki. Ƙurar hazo laushi gare ta kamar garin alkama, tana shiga gindin fanka ta cinye mansa, ta kuma kwanta a kan allo kamar bargo. Makarantar da ke kusa da injin casar shinkafa, waɗanda suka yawaita a Argungu da Birnin Kebbi, tana da ƙarin ƙurar buntu. A cikin kwamfutar gaba ɗaya fanka ce kaɗai ke motsi, kuma abin da ke motsi shi ke riga lalacewa. Ana iya ɗaga waɗannan lambobi a cikin saitin kwamfutar, a ce ta fara juyi a 60 ko 65, ta sami sauƙi.

RANA TA FI KWAMFUTA ZAFI

Ga wani lissafi da ya fi duk na baya muhimmanci, ga shi kuma ba a cika yin sa ba. Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, hasken rana yana zuba kimanin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Akwatin da murfinsa ke da santimita 20 tsawo da 20 faɗi yana da murabba'in mita 0.04, wato wat 40 ke sauka a kansa. Idan baƙi ne zai shanye kusan duka. Kwamfutar da ke ciki wat 6 take fitarwa. Ashe zafin da rana ke ɗura wa akwatin ya ninka na kwamfutar sau shida! Mutum zai kashe kuɗi ya sayo fanka don yaƙar wat 6, ya bar wat 40 na shiga ta bisa.

Farin fenti yana mayar da mafi yawan hasken. Rumfa kuwa ta fi fenti: ɗan guntun kwano ko katako da aka kafa tazarar tafin hannu sama da akwatin, yadda iska za ta riƙa ratsawa tsakani. Bangon da za a zaɓa ma abin dubawa ne. Na yamma ya fi kowanne muni, domin yana shan rana a daidai lokacin da iska ta fi zafi. Na arewa yana cikin inuwa da hunturu, amma tunda garuruwanmu suna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan bi ta arewa da mu, saboda haka ƙarƙashin baranda ya fi kowane bango tabbas. Wuri mafi haɗari a duk ginin makaranta shi ne tsakanin kwano da silin, inda masu jan waya ke son ɓoye kaya. Wanda kuwa ya taɓa shiga tsohuwar fadar da ta zama Gidan Tarihi na Kanta a Argungu da rana tsaka ya san abin da katangar ƙasa mai kauri ke yi wa zafi. Ɗakin ƙasa ya fi ɗakin bulo da kwano dacewa da batir, domin batirin dalma yana rasa kusan rabin kwanakinsa a duk ƙarin digiri 10 sama da 25. Wata fa'idar igiyar ke nan: tana ba mutum damar ajiye batir inda ya fi sanyi, kwamfuta kuma inda ake bukatarta.

A ganina, ga makarantun wannan yanki, malafa mai fanka ba ita ce zaɓin farko ba. Akwai wata 'yar na'ura mai kamar kwalin ashana, wadda ke karɓar igiyar ta raba ta gida biyu, saƙo ta wannan reshe, bolt 5 ta wancan. Da ita zafin sauko da wuta ya fita daga kan ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Sannan a sa kwamfutar a gida na alminiyom mai haƙora kamar mataji, wanda cikinsa ke taɓa ƙwaƙwalwar, jikinsa duka ya zama abin zubar da zafi. Babu abin da ke juyi, babu abin da ƙura za ta kashe. A kafa shi a tsaye yadda haƙoran za su miƙe daga ƙasa zuwa sama, domin iska mai zafi tashi take yi, ita da kanta za ta zama fanka. Akwatin waje kuma a huda shi ƙasa da bisa, a rufe hudar da ragar sauro, in ba haka ba zanzaro zai gina ɗakinsa a ciki, ƙadangare kuma ya mayar da wurin makwanci. Samfuri na biyar, idan za a ba shi aiki mai nauyi, shi kam yana bukatar fanka, sai dai aikin ɗakin karatu ko auna ruwa bai kai a ɗauko shi ba.

IGIYA DA TSAWA

Ita ma igiyar zafi na taɓa ta. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, saboda haka igiyar da ta kwanta a ƙarƙashin kwano ta kai digiri 60 ta fi wadda ke digiri 20 turjiya da kashi 16 cikin ɗari. Wannan da sauƙi. Babbar matsala ita ce igiyar jabu da ta cika kasuwa, wadda cikinta alminiyom ne aka yi masa rufin jan ƙarfe. Turjiyarta ta fi ta gaske da fiye da rabi, ga saurin karyewa. Gane ta ba wuya: a feƙe waya ɗaya a kankare ta da reza, idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, a mayar wa mai shago kayansa. Wadda za ta bi waje kuma a nemi mai baƙar riga da ke jure rana, ko a zura ta cikin bututun roba a binne, saboda ɓera da gara.

Da damina kuwa abin tsoro tsawa ce. Ba sai ta faɗa a kan igiya ba, ko a kusa ta sauka tana iya haifar da ƙarfin wuta mai yawa a doguwar waya. Ƙananan taransifomomin da ke kafar igiya an yi su ne su jure bolt 1,500, wanda ba komai ba ne a gaban aradu. Duk igiyar da za ta tsallaka daga gini zuwa gini gara a binne ta da a rataye, a kuma sa mata na'urar kariya a kowane ƙarshe, a haɗa na'urar da sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa.

Ƙungiyar kimiyya ta makaranta na iya gwada duk abin da aka faɗa game da zafi ko da ba ta da kwamfutar. A sami gwangwanayen madara uku masu murfi, a shafa wa ɗaya baƙin fenti, ɗaya fari, na uku fari da rumfar kwali a bisansa. A sa ma'aunin zafi na ɗakin gwaji a cikin kowanne, a ajiye su a fili, a riƙa rubuta abin da suka nuna kowace awa daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma, tare da zafin inuwar bishiya don kwatance. Makarantar da ke da kwamfutar kuwa, umarnin vcgencmd measure_temp zai nuna zafin ƙwaƙwalwarta nan take. A ɗebe zafin iska daga wannan adadi, abin da ya rage shi ne tazarar da kwamfutar ke bukata. Idan an yi awon da hunturu, a tara wannan tazara da digiri 45 a ga ko jimlar ta kai 80, sannan a sake awon da ƙarfe 3 na rana a tsakiyar watan Afrilu kafin a ɗaure akwatin a bango.